Tuvalu: wai ƙasar nutsewa take yi ko girma take yi?

A watan Nuwamban 2021, lokacin taron sauyin yanayi na COP26, ministan harkokin wajen Tuvalu na wancan lokacin Simon Kofe ya sa kwat da nektayi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga cikin teku ruwa har gwiwa, a nan aka ɗauki jawabinsa aka aika wa mahalarta taron. Saƙon dai a fili yake, ƙasarmu tana nutsewa. To amma shekara 3 kafin nan, a 2018, wasu masu bincike na Jami'ar Auckland ta New Zealand ƙarƙashin Paul Kench sun gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam daga 1971 zuwa 2014, suka duba tsibiran ƙasar guda 101, suka ce faɗin ƙasar ma ƙaruwa ya yi da kusan hekta 73, wato kaso 2.9 cikin 100. Firaministan lokacin Enele Sopoaga bai ji daɗin rahoton ba ko kaɗan, masu musun ɗumamar yanayi kuwa abin nema ya samu, suka dinga yaɗa shi suna cewa kun gani ko.

Ni dai a nawa fahimtar babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma ba za ka gane yadda maganganun biyu suka zama gaskiya ba sai ka fara sanin da me aka yi ƙasar tukuna.

Tuvalu tana tsakiyar tekun Pasifik, arewa da Fiji. Tsibirai 9 ne in an haɗa su rukuni rukuni, faɗin tudunsu gaba ɗaya murabba'in kilomita 26, mutanen kuma wajen dubu 11. Ta samu 'yanci daga Birtaniya ranar 1 ga Oktoban 1978. Wurin da ya fi ko'ina tudu a ƙasar bai kai mita 5 a saman teku ba, wato gidan bene hawa ɗaya ya fi shi tsawo. Babu kogi, babu rafi, babu dutse irin wanda muka sani. A hoto kam sai ka ce aljannar duniya, farin rairayi, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kan ruwa, ruwan kuma shuɗi garau kana hango ƙasansa. Babban birnin, Funafuti, zobe ne na ƙananan tsibirai wajen 30 da suka kewaye wani tafkin teku da ake kira Te Namo mai faɗin murabba'in kilomita 275, alhali tudun da ke kewaye da shi duka duka 2.4 ne. Ka ɗauka wani ƙaton faranti ne aka cika shi da ruwa, mutane suna zaune a kan leɓensa. Tsibirin da gari yake, Fongafale, tsawonsa kilomita 12, faɗinsa a inda ya fi faɗi mita 400, a wani wurin kuma bai fi taku goma sha ba, kana kan hanya teku na hagunka tafki na damanka.

Yanzu ga inda abin ya fara ban mamaki. Wannan ƙasar halittu masu rai ne suka gina ta. Murjani da muka sani a wuyan mata ƙashin wata 'yar halittar ruwa ce, to danginta ne suke gina waɗannan tsibiran, duk da ba jan nan na ado ba ne, wani iri ne fari mai kama da dutsen farar ƙasa. Suna zama cunkus a ruwa mara zurfi inda hasken rana ke kaiwa, na ƙasa su mutu na sama su hau kansu su ci gaba da gini. Masanin halittu ɗan Birtaniya Charles Darwin a 1842 ya kawo bayanin cewa asali dutse mai aman wuta ne ke tsakiya, murjani ya yi masa ƙawanya, sai dutsen ya dinga nutsewa a hankali cikin miliyoyin shekaru shi kuma murjanin yana ta hawa sama don kar ya rabu da haske, ƙarshe dutsen ya ɓace zoben ya rage. A Funafuti ɗin nan aka je gwada maganar tasa. Ƙungiyar masana ta Royal Society ta Landan ta tura masu haƙa a 1896 da 1897 da 1898, suka yi ta burma ƙasa har zurfin mita 340 ba su daina ciro ragowar murjani ba. Tunda murjani ba ya rayuwa a irin wannan zurfin, dole gindin ne ya sauka da shi. Sai a 1952 Amurkawa suka huda wani tsibirin irinsa, Enewetak, suka taɓo dutsen aman wutan a zurfin da ya haura mita 1,200.

To shi tudun da mutane suke takawa fa? Tarkace ne. Igiyar ruwa ta farfasa murjani ta turo tsakuwarsa sama, rairayin kuma wani kaso mai yawa nasa ɓawon wasu mitsi mitsin halittu ne da suke rayuwa a kan shimfiɗar murjanin, in ka ɗebo a tafin hannu ka duba da kyau wasu ƙwayoyin kamar taurari suke. Ma'ana ƙasar tana da masana'antar da ke samar mata da yashi kullum, kuma in ruwa ya gurɓace ko ya yi zafi da yawa halittun suka mutu, masana'antar ta tsaya.

Wani abin da zai ɗaure maka kai shi ne guguwar da ke rusa gari ita ce kuma ke gina ƙasa. A Oktoban 1972 guguwar Bebe ta afka wa Funafuti, ta kashe mutane, ta kwantar da kusan duka gidajen garin, amma da gari ya waye sai ga wani dogon tudun tsakuwa da ɓaraguzan murjani a gefen teku, tsawonsa wajen kilomita 18, tsayinsa ya haura mita 3, a dare ɗaya. Shekaru suka yi ta tafiya igiyar ruwa tana tura wannan tarkacen yana mannewa da tsibiran. Wani ɓangare na ƙaruwar da su Kench suka auna daga irin wannan ne. A ɗaya hannun kuma guguwar Pam ta 2015 ta share wani ɗan tsibiri mai suna Vasafua, ta bar shi tsiran yashi. Wato tsibiran nan motsi suke, su ci nan su ƙaru can, kamar dai jigawar rairayi da iska ke tafiya da ita.

Sai ka riƙe wannan fasalin a ranka don komai a kansa yake: in ka yanka irin tsibirin nan a tsakiya za ka ga kamar kunya biyu da kwari. Kunyar gefen teku ita ce mai tudu, ta tsakuwa. Kunyar gefen tafki ta rairayi ce, ba ta kai waccan ba. Tsakiya kuma kwari ne, wani wurin ma fadama.

Mutanen da suka fara zama a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun karanci wannan fasalin sarai, kuma a ganina su ne gwanayen tsara wuri na farko a ƙasar, duk da ba wanda ya ba su takardar shaida. Matsalarsu biyu, ruwan sha da ƙasar noma. Ruwan sama in ya sauka yana tsiyayewa cikin tsakuwa nan take, amma da yake ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi sai ya tsaya a samansa a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda mai ke tasowa a kan miya. Sai suka je kwarin nan na tsakiya suka haƙa manyan ramuka har suka taɓo wannan ruwan, a ciki suke shuka pulaka, wani ɗan uwan gwaza ne amma ƙato, ganyensa ya fi mutum tsawo, saiwarsa kuma shekaru take yi tana girma kafin a tone ta, kuma sai an daɗe ana dafa ta kafin ƙaiƙayinta ya fita. Ƙasar da ke cikin ramin ba tarar da ita suka yi ba, yin ta suka yi. Mai rami zai shiga cikin taɓo da kwandon ganyaye da ya tsinto, ya zuba a gindin kowace shuka ɗaya bayan ɗaya, ya danne, ya dawo bayan wani lokaci ya ƙara, har ganyen ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Uba ya yi ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Shi ya sa ramin pulaka gado ne na dangi, kuma in ruwan gishiri ya shige shi asarar ta wuce ta amfanin shekara ɗaya, guminsu na zuriya da zuriya ne ya tafi.

Bishiyoyi ma kowacce da mazauninta. A bakin ruwa akwai masu jure gishiri da iska irin su fetau mai faɗin inuwa, da fala wadda saiwoyinta ke fitowa daga jikinta su kafe a ƙasa kamar ƙafafu, da ganyenta ake saƙa tabarma da rufin ɗaki. Bayansu kwakwa. Can ciki inda iskar gishiri ba ta kaiwa sosai sai mei, wata bishiya mai manyan 'ya'ya da ake dafawa ko a gasa kamar doya, da ayaba. Wannan kyan da masu ɗaukar hoto ke gani su ɗauka haka Allah ya bar wurin ba a taɓa ba, yawancinsa shuka ce, hannun mutane ne.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. A Oktoban 1942 sojojin Amurka suka sauka Funafuti don su yi sansanin tunkarar Japan da ke tsibiran Gilbert a arewa. Suna buƙatar filin jirgi cikin gaggawa, wuri mai faɗin da zai ɗauka kuma shi ne tsakiyar Fongafale, wato daidai kwarin nan mai fadama da ramukan pulaka. Suka sare kwakwa, suka cike fadamar, kayan cikon kuma suka haƙo shi daga jikin tsibirin kansa, suka bar manyan ramuka. Duk wanda ya tashi a tsohon gari irin Kano ko Zariya ya san wannan labarin ba sai an fassara masa ba, kududdufi ne, an ɗebi ƙasa an yi gini an bar rami. A unguwar da na tashi akwai guda ɗaya, da damina ya cika ya shigo gidaje, da rani ya koma bola da sauro, to haka nasu ya zama sai dai nasu ya fi muni, don dutsen murjani kamar soso yake, duk lokacin da teku ta cika sai ruwan gishiri ya ɓuɓɓugo ta ƙasan ramin. Shekara 70 da 'yan kai ramukan nan suna nan, shara a ciki, garken aladu a gefe, mutanen da ba su da fili sun kafa gidaje a kan turaku a bakinsu. Sai a 2015 gwamnatin New Zealand ta biya aka yaso yashi daga tafkin aka cike guda 10, filin da za a iya amfani da shi a Fongafale ya ƙaru da kaso 8 cikin 100. Aikin da ya kamata a ce wanda ya haƙa ne ya yi shi tun tuni, amma a bar wannan maganar.

Shi kuma titin jirgin yau shi ne dandalin garin. Jirgi 'yan lokuta ne yake zuwa a mako daga Fiji, in zai sauka a busa jiniya kowa ya kauce. Da yamma kuwa nan ake ƙwallo, nan yara ke tsere, nan ake yawo da babur, in dare ya yi zafi wasu su ɗauko tabarma su kwana a wurin saboda iska. Ƙasar da ba ta da fili dole abu ɗaya ya yi aiki biyar.

Yanzu haɗa wannan da yawan jama'a. A farkon shekarun 1970 mutanen Funafuti ba su kai dubu 1 ba. Da ya zama babban birni, aiki da asibiti da kasuwa duk suka taru a nan, yanzu sun haura dubu 6, fiye da rabin ƙasar. Tsohon ƙauyen yana kan kunyar gefen tafki, sababbin zuwa ina za su zauna? Sai kan tsohuwar fadamar da aka cike da kewayen ramuka, wurin da kakanni ba su taɓa yarda su gina ɗaki ba. Shi ya sa a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da teku ke cika ta kai maƙura, za ka ga ruwa ya malale tsakar gidaje rana tsaka babu hadari babu guguwa, kuma ba ta bakin teku ya hauro ba, ta ƙasa ya tsattsafo. Katanga ba ta maganin wannan, ka gina ta duk tsayin da kake so ruwan ta ƙarƙashinta zai bi.

Kar wani ya ɗauki wannan ya ce ashe laifin Amurkawa ne da cunkoso, ba ruwan sauyin yanayi. Tekun tashi take, an auna. Su Kench ɗin da kansu sun rubuta cewa a shekarun da suka duba tana tashi kusan milimita 4 a shekara a wurin, ninki biyu na matsakaicin duniya, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka NASA kuma a 2023 ta ce ta ƙaru da wajen santimita 15 cikin shekara 30. Santimita 15 ba komai ba ne a ido, amma a kwarin da da ma ɗan taki kaɗan ne tsakaninsa da ruwa, shi ne bambancin ambaliya sau biyu a shekara da ambaliya kowane wata. Kuma tun kafin ruwa ya rufe ƙasa gishiri yake fara kashe ta. Ruwan ƙasan Fongafale ya riga ya zama zartsi ga kuma ƙazantar masai, kowa da tankinsa na tarar ruwan kwano. Wurin da ake samun ruwan sama sama da milimita 3,000 a shekara, ninkin na Kano sau uku da wani abu, amma a 2011 da fari ya yi 'yan watanni sai da aka kafa dokar ta-ɓaci, aka koma bokiti biyu kowane gida a rana, New Zealand ta kawo injinan tace ruwan teku ta jirgin sama.

To ga bakin zaren. Binciken 2018 faɗi ya auna, bai auna tsayi ba, bai auna ruwan sha ba. Hekta ɗaya ta sabuwar tsakuwa a wani tsibirin da ba kowa ba za ta maye hekta ɗaya ta ramin pulaka da gishiri ya ƙone ba. Sannan hanyar da tsibiri ke bi ya ƙara tsayi da kansa ita ce igiyar ruwa ta haye kansa ta zube yashi da tsakuwa ta koma. Tsibirin da ba kowa zai iya jure wannan, ƙila ma ya bi tekun sama a hankali. Amma wanda ke da asibiti da kwalta da tashar lantarki da kaburburan iyaye a ƙofar gida ba zai yarda teku ta dinga ratsa shi ba, dole ya tare ta, kuma da zarar ya tare ta ya tsayar da abin da ke ɗaga shi. Gari yana so ƙasa ta tsaya cak, ita kuma irin wannan ƙasar da motsi take rayuwa.

Abin da suka zaɓa a Fongafale shi ne su yi wa tekun aikinta da inji. A ƙarƙashin shirin kare gaɓar ruwa da aka ƙaddamar a 2017, wanda asusun duniya na tallafin sauyin yanayi Green Climate Fund ya ba dala miliyan 36 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNDP kuma take gudanarwa tare da gwamnati, jirgin yasa ya zuƙo yashi daga cikin tafkin aka zuba a gaban gari, aka killace shi da manyan buhunan yashi na wani irin yadi mai ƙarfi, aka samu sabon fili sama da hekta 7, faɗinsa mita 100, an ɗaga shi yadda ake sa ran zai tsaya a saman ruwa har bayan 2100. A tsibiran Nanumea da Nanumaga kuma wani salon aka bi, ƙara wa kunyar bakin teku tsayi aka yi da irin waɗannan buhunan aka rufe da yashi. Akwai ma babban buri a takarda na cike murabba'in kilomita 3.6, wanda ya fi duk tudun Funafuti na yanzu, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙasar nesa ba kusa ba.

Ni ina ganin cikon ya dace da Fongafale, don wurin ya riga ya tashi daga tsibirin Allah-da-ikonsa tun 1942, babu komawa baya. Abin da nake tsoro shi ne a mai da shi maganin kowace cuta. A yammacin tafkin akwai yankin da aka killace mai murabba'in kilomita 33, da 'yan tsibirai da ba kowa sai tsuntsaye da kunkurun teku da ƙaguwar kwakwa, irin waɗannan barin su su yi motsinsu shi ne tsarin da ya fi. Yasa ma tana da nata ɓarnar, tana tayar da laka ta rufe murjanin da ke samar da yashin tun farko, katangar siminti kuma da mutum zai yi a gaban gidansa sau da yawa rairayin maƙwabcinsa take cinyewa. Ga rigimar fili, don ƙasa a Tuvalu ta dangi ce, gwamnati ma haya take biya a wurare da yawa, wanda gidansa ke bakin ruwa jiya yau ya wayi gari da mita 100 na sabon fili tsakaninsa da inda yake ɗaure kwalekwalensa, dole a zauna da majalisar dattawa da suke kira Falekaupule a san wa zai yi me a kai.

Gwamnatin kanta ba ta zuba ƙwanta duka a kwando ɗaya ba. A 2023 ta gyara tsarin mulki ta rubuta cewa Tuvalu ƙasa ce har abada ko da tudunta ya ɓace, kuma a Nuwamban shekarar ta sa hannu da Ostareliya a yarjejeniyar Falepili wadda ta ba mutum 280 damar komawa can duk shekara. Da aka buɗe rajistar farko a 2025 dubbai ne suka rubuta suna. Ana cike fili da hannun dama ana cike fom da na hagu, kuma ban ga laifin kowa ba.

Sabon filin dai farin yashi ne tas, ba inuwa ba ƙasar shuka, rana in ta doke shi sai ka runtse ido. Kayan lambu a Funafuti yanzu a cikin akwatuna da kwamin da aka ɗaga sama ake noma su don saiwa kar ta taɓa gishiri, akwai wata gona da Taiwan ke tallafawa kusa da filin jirgi inda mutane ke sammakon bin layin kabeji da kokwamba. Duk wanda zai dasa fetau ko kwakwa a kan cikon sai ya fara haƙa rami ya zuba ruɓaɓɓen ganye da ɓawon kwakwa da kashin alade, ya dinga ban ruwa daga tankin da iyalinsa ke sha, ya kuma jira shekaru kafin ya samu inda zai shimfiɗa tabarma.